Wai me muke saye idan muka biya kuɗin dish na wata?

Baban Khalifa (Anguwan Rogo):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masana a cikinmu, kuma don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah. Talabijin ɗin nan na biyan kuɗi wata-wata, irin su DStv da GOtv da StarTimes, wai mene ne ainihin abin da mutum yake saye? Kallo yake saye ko kwanaki? Magidanci zai biya kuɗin kwana 30, ya fita kasuwa tun safe sai bayan isha'i, yara suna makaranta, wuta kuma ba kullum ba. Ranar da kwana 30 suka cika sai tashoshi su rufe, ko an kalla ko ba a kalla ba. Katin waya sai ka yi magana ake cira. Mitar wuta in ka kashe kayanka ta tsaya. To me ya sa wannan ya fita daban?

Maman Ilham (Rikkos):
Wa alaikumus salam. Wallahi Baban Khalifa ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu mata mu ne a gida, mu muka san awa nawa ake samun wuta. Wata ranar sai an yi magariba za a kawo, kafin a gama cin tuwo an ɗauke.

Sabo Mai Dish (Dilimi):
Alhaji, amsar a taƙaice ita ce kwanaki kake saye. Izinin kallo ne na wani wa'adi, ba yawan abin da idonka ya gani ba. Amma bari in faɗi dalilin ta ɓangaren aikinmu, don sana'ata ce hawa rufin mutane ina ɗaura dish.

Tauraron ɗan'adam ɗin da yake turo hoton yana can sama, nisan kusan kilomita 36,000, kuma yana juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa in na saita maka dish wuri ɗaya ba sai an riƙa juya shi ba. Siginar da yake zubowa ba gidanka kaɗai take sauka ba. Tana sauka a kan rufin kowa, daga Gangare har Rayfield a nan Jos, wanda ya biya da wanda bai biya ba. Abin da kamfani ya yi shi ne ya kulle hoton, ya hargitsa shi yadda ba zai kallu ba. Dikodarka tana da lamba tata ita kaɗai, ko kati a ciki. Da ka biya, sai a turo saƙo ta wannan tauraron cewa mai lamba kaza a buɗe masa tashoshi kaza zuwa rana kaza. In ranar ta wuce sai ka ga E16, alamar kuɗinka ya ƙare, a fuskar talabijin. Shi ma mai eriya haka ne, bambancin kawai tasa siginar daga doguwar hasumiya take zuwa a nan ƙasa, ba daga sama ba.

Inda maganar take shi ne, hanyar nan guda ɗaya ce. Daga can zuwa gare ka kawai. Dikoda irin wadda yawancinmu muke da ita ba ta mayar wa kamfani da labari. Ba su san ka kunna ba, ba su san ka tafi Umara ba, ba su san an ɗauke wuta a layinku ba. Waya kuwa tana magana da hasumiya, hasumiya tana magana da ita, duk daƙiƙa a ƙirge take. Shi ya sa ma idan mutum ya biya alhali dikodarsa a kashe take, wani lokaci sai ya kunna ya ga shiru, sai an sake turo masa saƙon buɗewa. Saƙon farko ya zo bai tarar da kowa ba.

Baban Khalifa:
Madalla Sabo, Allah ya yi wa sana'a albarka. Yanzu na gane dalilin da ba za su iya ƙirga awoyi ba. Amma fahimta daban, yarda daban.

Hajiya Binta (Kubwa, Abuja):
Sabo ƙanina, bayaninka daidai ne, sai dai rabin magana ce. Na yarda dikoda ba za ta iya ƙirga minti ba. Amma kai da bakinka ka ce saƙon yana cewa a buɗe zuwa rana kaza. To wa ya ce dole ranar ta zama bayan kwana 30? Me zai hana kwana 1, ko 7? StarTimes sun daɗe suna sayar da na kwana ɗaya da na mako, kuma na'urarsu ba daga Aljanna ta sauko ba. Ke nan zancen wata ɗaya ba hukuncin na'ura ba ne, shawarar kasuwanci ce. Kamfani yana son kuɗin da ya san zai shigo masa kowane wata, ya yi lissafinsa hankali kwance. Haƙƙinsa ne ya so haka, amma kada a ce mana ba zai yiwu ba.

Kuma wannan magana ta je Majalisa. A 2020 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a kan a riƙa biya daidai da kallo, Majalisar Dattawa ma ta tayar da ita a 2022. Har yau tsarin wata-wata ne ya fi rinjaye.

Sabo Mai Dish:
Gaskiyarki Hajiya, ban musa ba. Na kwana da na mako suna yiwuwa. Sai dai in kin lissafa na kwana ɗaya sau 30 za ki ga ya fi na wata tsada. Yana da amfani ne ga wanda ya san ranakun da yake kallo.

Baba Ɗanladi (Bukuru):
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Ni na ga farkon abin nan a garin nan. Talabijin ya fara a Najeriya a Ibadan a 1959, namu na Arewa ya biyo baya a Kaduna a 1962. Mu nan Jos tashar Binuwai-Filato ce tamu, kuma ita ce ta fara nuna hoto mai kala a ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1970, kafin a haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977. A lokacin ba a buɗe tasha sai da yamma, a rufe da taken ƙasa kafin dare ya raba. Gida ɗaya ne zai mallaki akwatin a layi, yara su cika tsakar gida, wasu a kan taga. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mu biya kuɗin wata.

Amma abin da nake so ku lura da shi, ko a lokacin ba kyauta ba ne. Akwai mai biya. Gwamnati ce take biya daga baitulmali, sai masu tallar sabulu da madara su cika. A Ingila kuma gidan da yake kallon talabijin yana biyan lasisi duk shekara, da shi ake riƙe BBC. Mu ma a tsarin mulkinmu karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin yana cikin ayyukan ƙaramar hukuma. To talabijin na biyan wata hanya ce ta uku: mai kallo shi ne yake ɗaukar nauyin tashar kai tsaye daga aljihunsa. A Amurka aka raine shi, tashar HBO ta biyan wata ta fara a 1972. Mu kuma ƙofar ta buɗe ne a 1992, da gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. MultiChoice ta Afirka ta Kudu ta shigo a 1993, DStv ɗinta ta zo a 1995.

Kuma ku sani duk mai biya shi ne mai faɗa a ji. Tashar da gwamnati take ciyarwa, labaran gwamna ne a gaba. Tashar da mai talla yake ciyarwa, abin da zai tara jama'a take nema. Tashar da kai kake biya, dole ta nemo abin da zai hana ka tafiya. Shi ya sa suka riƙe ƙwallo da hannu biyu.

Rifkatu (Tudun Wada):
Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifina ma yana ba mu labarin tashar nan ta Binuwai-Filato. Amma Baba, in da gaske mai biya ne mai faɗa a ji, me ya sa ba a jin tamu? Ni tashoshi huɗu nake kallo: ta waƙoƙin coci, ta labarai, ta finafinan Hausa, da ta katun saboda yara. Amma sai an haɗa mini da wasu gommai da ban taɓa tsayawa a kansu ba, har da masu yaren da ba na ji. Me ya sa ba zan zaɓi huɗuna in biya kuɗinsu ba?

Baba Ɗanladi:
'Yata, ana jin taku, amma a jimlace, ba ɗaya-ɗaya ba. Ranar da dubbai suka daina biya za ki ga an motsa.

Hajiya Binta:
Rifkatu, tambayarki ta fi ta kwanaki nauyi a wurina. Dalilin da suke bayarwa shi ne tashoshin suna ɗaukar nauyin juna. Tashar da mutum dubu suke so ba za ta rayu ita kaɗai ba, sai an goya ta a bayan wadda miliyan suke so. Kuma manyan kamfanonin waje da suke sayar musu da tashoshi sukan ce in kana son wannan sai ka haɗa da waɗancan. Indiya ta gwada abin da kike nema. A 2019 hukumarsu ta tilasta a sa wa kowace tasha farashinta, mutum ya zaɓi abin da yake so. Masu kallon tashoshi kaɗan sun samu sauƙi, amma gidaje da yawa kuɗinsu ƙaruwa ya yi, har sai da hukumar ta sake gyara dokar a 2020. Duk da haka ni ina ganin gara a ba mutum zaɓi. Wanda yake son ƙunshi, wato tashoshi a haɗe, ya saya, wanda yake son huɗu ya sayi huɗu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake jera ƙunshin. Abin da aka san mutane suna so, musamman manyan wasanni, sai a ɗora shi a saman tsani, yadda ba za ka kai gare shi ba sai ka taka duk matakalan da ke ƙasa.

Auwal Mai Gidan Kallo (Bauchi Road):
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tunda an zo kan ƙwallo, an zo gidana. Ni benci 14 gare ni, talabijin uku, dikoda biyu, saboda ranar Asabar wasa biyu ko uku ake bugawa lokaci ɗaya, kuma ɗan Arsenal ba zai zauna ya kalli Chelsea ba. Ga janareta, ga fanka, ga allon da muke rubuta wasannin rana da alli a bakin ƙofa.

Abin da Alhaji yake nema, wato ka biya daidai abin da ka kalla, ai mu muke yin sa tun tuni. Ni nake ɗaukar nauyin wata gaba ɗaya, in yanka shi wasa-wasa in sayar wa matasa. Yaro ya zo da kuɗin wasa ɗaya, ya kalli minti 90, ya tafi. Ba ruwansa da E16, ba ruwansa da man janareta. Asarar duk a kaina take. In aka shiga hutun wasannin ƙasashe, mako biyu benci babu kowa, kwanakina suna tafiya. In hadari ya taso, kun dai san ruwan Jos, wani lokaci har da ƙanƙara, ana tsakiyar wasa hoto ya daskare, sai E48, alamar babu sigina, ta fito. Mutum 60 su juyo suna kallona kamar ni na riƙe gajimaren. Wasu su ce a mayar musu da kuɗinsu, kuma ina mayarwa, don gobe ma ina son su dawo. Ni kuwa babu mai mayar mini da ko sisi.

Amma zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ƙwallon nan ba a banza kamfani yake samo ta ba. Gasar Firimiya ta Ingila tun da aka fara ta a 1992 da kuɗin talabijin na biya aka gina ta. Albashin da kuke ji ana ba 'yan wasa, kaso mai yawa daga nan yake fitowa. Duk mai son nuna ta a Afirka sai ya yi takara ya sayi izini na shekaru, da kuɗin waje, kuma ya biya ko mutum ɗaya ne ya kalla. Wato ɗari biyun da yaro yake miƙo mini a Bauchi Road, wani ɓangarenta Landan za shi.

Sabo Mai Dish:
Auwal, maganar ruwa: irin siginar da ƙananan dish suke kamawa ce ruwa mai ƙarfi yake shanyewa kafin ta iso. Ba a hana shi gaba ɗaya, amma dish mai ɗan faɗi da saiti mai kyau yana rage shi sosai. Ka duba naka, in iska ta ɗan karkatar da shi ko yayyafi aka yi zai ɗauke. Ka duba bakin wayar da ta shiga LNB ma, wato ɗan kan da yake gaban dish yana karɓar sigina, in ruwa yana shiga sai ta yi tsatsa.

Yakubu (Jami'ar Jos):
Ni fa ina mamakin masu kare kamfanonin nan. Ku duba farashi. Babban ƙunshin DStv ya koma naira 24,500 a watan Mayun 2023, ya koma 29,500 a Nuwamba, ya koma 37,000 a Mayun 2024, sannan 44,500 a Maris na 2025. Ƙunshin Compact, wanda bai kai shi girma ba, daga 15,700 ya koma 19,000. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne. Wato babban ƙunshi ya cinye fiye da rabin albashin ƙaramin ma'aikaci. Wannan ai ba kasuwanci ba ne.

Hajiya Binta:
Yakubu ɗana, alƙalumanka daidai ne, amma ka ajiye wasu a gefensu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Wanda yake karɓar naira yana biyan haya ta tauraro da izinin wasanni da dala, ko bai so ba sai ya ƙara. Inda nake tare da kai shi ne rashin abokin takara mai ƙarfi. In mutum ɗaya ne yake da abin da kowa yake so, ba abin da zai sa ya ji tsoron ƙari. Shi ya sa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta shiga maganar ƙarin 2025, har aka je kotu. Kuma mutane sun ba da tasu amsar da ƙafafunsu: kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya kusan miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu zuwa Maris na 2025. A shekarar ce kuma Canal+ ta Faransa ta karɓe ragamar kamfanin.

Yakubu:
To me ya hana namu na gida su yi, Mama? Kullum sai baƙi?

Baba Ɗanladi:
Sun yi, ɗana. HiTV ta ɗan ƙasa ce, ta fito a 2007, har ta ƙwace izinin nuna Firimiya a Najeriya. Mutane suka yi ta sayen dikodarta. Da aka zo sabunta izinin kuɗin ya fi ƙarfinta, ƙwallo ta koma inda ta fito, zuwa 2011 ta rufe. TSTV ta fito ranar 1 ga Oktoban 2017 a Abuja, da alƙawarin irin wannan tsari da Baban Khalifa yake nema, aka yi ta murna, amma ba ta iya girgiza kasuwar ba. Ita StarTimes da kuke gani ta China ce, ta shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv ta biyo a 2011 don ta tare ta a wajen masu ƙaramin ƙarfi. Sana'a ce mai cin jari kafin ta ba da riba, kuma wanda ba shi da dogon numfashi ba ya kai wa gaci.

Malam Nuhu (Ali Kazaure):
Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama, ina so in ɗan taɓa ta ta fuskar mu'amala, tunda Baban Khalifa ya ce a ba shi amsa tsakani da Allah. Wannan ciniki ba saye da sayarwa ba ne irin na mudu, ya fi kama da babin haya, abin da malamai suke kira ijara. Wanda ya kama hayar shago a Terminus na shekara, aka miƙa masa makulli, kuɗin haya ya hau kansa ko ya buɗe ko bai buɗe ba. Ba zai je wa mai shago ya ce na yi tafiya wata biyu a rage mini ba. Abin da ya saya shi ne damar amfani a cikin wa'adin. Ta nan, tsarin wata-wata ba zalunci ba ne a kan kansa, matuƙar an bayyana wa mutum sharaɗin kafin ya biya, ya kuma yarda.

Amma babin yana da ɗaya gefen, kuma shi ne ake yawan mantawa. Idan amfanin ya yanke daga ɓangaren mai bayar da haya, misali rufin shagon ya rufta bai gyara ba, to ba shi da haƙƙin kuɗin waɗannan kwanaki. Don haka a rarrabe. Rashin wuta a unguwarku ba laifin mai tashar ba ne, wannan ƙara ce da za a kai wani wuri. Tafiyarka kasuwa ma ba laifinsa ba ne. Amma in ka biya ba a buɗe maka ba sai bayan kwana uku, ko hasumiyarsu ta lalace mako guda, ko aka cire tashar da saboda ita ka biya ana tsakiyar wata, wannan haƙƙinka ne a cika maka kwanakinka. Kuma neman sa ba rowa ba ce.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, wannan rarrabewar ta warware mini abu mai yawa. Ashe fushin da muke yi kashi biyu ne muka haɗe shi wuri ɗaya. Amma Malam, mai shago ɗaya ne a duk kasuwar fa? In ya ga dama ya ƙara haya sau uku a shekara biyu?

Malam Nuhu:
Nan kuma aikin hukuma ne, Alhaji. Malamai da dama sun yarda shugaba ya sa baki a farashi idan mutum ɗaya ya mamaye abin da jama'a suke buƙata. Sai dai za a tambaya, kallon ƙwallo yana cikin buƙatun da ba makawa, kamar hatsi da magani? Ni a ganina bai kai nan ba. Wanda ya ga ya fi ƙarfinsa ya bari, ba zai shiga wani hali ba.

Auwal Mai Gidan Kallo:
Allah ya gafarta Malam, ga mai kallo haka ne. Ga irina kuwa abincin gidana ne, da yara biyu da suke taya ni aiki, da mai shayi da mai tsire da suke kasa kaya a ƙofata ranar wasa.

Malam Nuhu:
Gaskiya ne Auwal, naka hukuncin daban ne, kai ɗan kasuwa ne a cikin harkar. Allah ya buɗa maka.

Maman Ilham:
Ni akwai abin da ba a taɓo ba. Idan ka biya ƙunshi, ba tashoshin da kake so kaɗai ka shigo da su ɗakinka ba. Akwai waɗanda ba zan so Ilham ta danna rimot ta faɗa kansu ba, ni ina kicin. Ranar nan na fito na tarar da ƙaramin yana ta bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, yatsa a kan maɓalli, ko tsayawa ba ya yi. Wannan ma yana cikin abin da muke saye, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Sabo Mai Dish:
Maman Ilham, wannan yana da magani kuma ba a biyan ko kwabo. Kowace dikoda tana da wurin kulle tasha da lambar sirri, kina iya kulle tasha ɗaya-ɗaya, ko ki sa iyakar shekaru. Abin da nake roƙon iyaye shi ne su canza lambar da ta zo da ita daga kamfani, don yaran yanzu duk sun san ta. Duk gidan da na yi aiki sai na nuna wa uwar gida wannan kafin in karɓi kuɗina.

Rifkatu:
Wai ina labarin FreeTV ne? Na tuna a nan Jos aka fara, aka yi biki.

Baba Ɗanladi:
A nan aka fara, ranar 30 ga Afrilun 2016, lokacin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai. Abuja ta biyo a Disambar shekarar. Shirin komawa dijital ne, wanda ƙasashe suka yi alƙawarin kammalawa tun Yunin 2015. Ka sayi ƙaramar dikoda, ka riƙa biyan naira 1,000 a shekara a farkon shirin, ka samu tashoshin gida da hoto garau. Tunani ne mai kyau ƙwarai, don shi ne zai ba talaka mafita tsakanin eriya mai yayyafi da kuɗin wata. Amma tafiyar ta yi ta tsayawa, jihohi kaɗan aka kai. Da an riƙe shi da gaske, da yawancin gidajen da suke kuka yau ba su da dalilin shiga tsarin wata-wata tun farko, don abin da suke nema labarai ne da wasan Hausa da wa'azi.

Yakubu:
Baba, mu dai yanzu waya ce talabijin ɗinmu. YouTube, Netflix, duk abin da kake so lokacin da kake so.

Hajiya Binta:
Netflix ɗin ma ai kuɗin wata ne, Yakubu, ko ka kalla ko ba ka kalla ba, kuma su sun san sarai minti nawa ka kalla, don tasu hanyar biyu ce. Duk da haka ba su ce ka biya da minti ba. Ka ga ke nan tsarin ba zai tafi don dish ya tafi ba. Sannan ka ƙara da kuɗin data a kai, ita kuma tana ƙarewa daidai yadda kake kallo. Gida mai mutum takwas, dish ɗaya ya ishe su. A waya kowa da tasa datar.

Ni abin da zan so hukuma ta tsaya a kai ba ƙayyade farashi ba ne. A wajabta wa kowane kamfani ya sayar da na mako kusa da na wata. A ba mutum damar dakatar da kwanakinsa in zai yi tafiya, ta waya, ba tare da wahala ba. In matsala daga wurinsu take a mayar da kwanakin ba sai an roƙa ba. Kuma kada a bar kamfani ɗaya ya kulle manyan wasanni shi kaɗai, a tilasta masa ya sayar wa sauran a farashin da ya dace. Duk waɗannan na'urar da Sabo ya kwatanta za ta iya ɗauka.

Baban Khalifa:
Sabo, tambaya ta ƙarshe daga wurina. Mu a gida abin da ake kallo Arewa24 ne, da tashoshin wa'azi, da ta Harami, sai labarai. Ƙwallo ni kaɗai ne, kuma Asabar da Lahadi kawai. Dish na kyauta zai ɗauke mana wannan?

Sabo Mai Dish:
Zai ɗauke mafi yawansu, Alhaji. Arewa24 tun da ta fara a 2014 ana kama ta a dish na kyauta, haka tashoshin wa'azi na Hausa da na Makka da Madina. Kuɗinka sau ɗaya ne: dish, da risiba irin su Strong, da waya, da kuɗin aiki. Sai dai ba duka suke kan tauraro ɗaya ba, don haka ka rubuto mini sunayen tashoshin da ake so a gidan kafin a sayi komai, da su za mu san girman dish ɗin da inda za a fuskantar da shi, ko za a ƙara LNB na biyu. Kuma ka sani tashar kyauta takan canza mita ba sanarwa, sai an sake nemo ta. Manyan wasannin Turai kai tsaye kuwa kada wani ya ruɗe ka da dikodar da ake cewa tana buɗe komai, satar sigina ce, kuma yau ta yi gobe ta mutu. Na Asabar da Lahadi ko dai ka riƙe ƙaramar dikodar biya kana saka mata lokacin da ake kakar wasa, ko ka je wurin Auwal.

Auwal Mai Gidan Kallo:
Bencin gaba yana nan, Alhaji, kusa da fanka. Wasan farko na Asabar da rana ake take shi, ka zo da wuri kafin yara su cika wurin.